Miyar Da Ba A Ɗanɗana Ba

 Yau ina so mu ɗan tattauna a kan wani abu da na daɗe ina lura da shi a wasanninmu na Hausa, wato yadda ake cusa wa mace magana a baki wadda babu macen da ke yin irinta a cikin gida. Sannan in ba ku labarin wata hanya da wasu mutane suka bi domin gyara rubutun wasa kafin ya fita bainar jama'a, mu auna ta mu gani ko tana da amfani a gare mu.

Bari in fara da misali. Ni na ƙirƙire shi, amma na san kun sha jin irinsa. Maigida ya shigo ya ce wa matarsa zai ƙara aure. Sai ki ga 'yar wasa ta gyara tsayuwa ta ce: "Ya kai mijina abin alfaharina, haƙiƙa wannan labari ya girgiza zuciyata matuƙa, amma zan daure domin haƙuri shi ne adon 'ya mace." Don Allah uwargida, ke da kika shekara 10 ko 15 a ɗakinki, kin taɓa jin wadda ta yi wannan dogon jawabi? Abin da muka sani shi ne ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce: "To, Allah ya sanya alheri. Ruwan wankanka na can yana hucewa." Ta juya ta ci gaba da tankaɗenta. Duk macen da ta ji wannan ta san an binne garwashi a cikin toka, kuma za ta matso kusa da rediyo don ta ji yadda za a ƙare. Ta farkon kuwa ana gama faɗarta an manta.

Mene ne ke jawo irin wannan magana maras gishiri? A nawa ganin dalilin ɗaya ne. Marubucin ya zauna shi kaɗai a ɗaki ya rubuta, daga hannunsa sai wurin ɗauka ko wurin bugawa, babu wanda ya taɓa faɗar maganar da bakinsa a gaban mutane balle a ji inda ta yi tsami. Littafin labari ana iya gama shi a kan takarda, domin da ido za a karanta shi. Wasan kwaikwayo kuwa don baki da kunne aka yi shi. Wanda ya rubuta wasa bai ji shi a bakin 'yan wasa ba, daidai yake da matar da ta haɗa miya ta sauke ta kai wa baƙi ba ta ɗanɗana ba. Mai yiwuwa a dace, amma sau da yawa sai an zauna ci ake gane kanwa ta yi yawa.

Idan muka waiwayi tsofaffin wasanninmu da aka buga za mu ga shaidar haka. Shu'aibu Maƙarfi ya fitar da Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960, kuma an ji wasanninsa a rediyo kafin su zama littafi. Shi ya sa har yau idan kika karanta Jatau Na Kyallu a bayyane za ki ji maganar tana tafiya a harshe ba tuntuɓe, kamar kina zaune a zauren gidan. Amma duk da haka ina da ƙorafi. Kyallu karuwa ce da ta shigo gidan attajiri ta watsa shi, mun ga makircinta ƙarara, sai dai ba a zauna an nuna mana abin da ke cikin ranta ba idan dare ya yi ta kwanta ita kaɗai. A Uwar Gulma na Mohammed Sada, wanda ya fito a 1968, mun ga irin wuyar da Halima ta sha a hannun mijinta Hayatu, kuma babu mai zuciyar da ba zai tausaya mata ba. A Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, na 1979, mun ga yadda mai kuɗi ke yaudarar 'yar makaranta. Duka wasanni ne masu daraja, sun yi faɗa a kan abin da ya dame mu tun ba a saba faɗa ba, kuma ban raina ƙoƙarin iyayenmu da suka rubuta su ba. Amma dukkansu maza ne suka rubuta, kuma mace a cikinsu yawanci ɗayan biyu ce, ko abar tausayi ko abar tsoro. Ina sauran matan? Ina mai barkwanci, mai adashi, mai sana'ar ƙuli-ƙuli da ke riƙe da gida ba wanda ya sani, mai son mijinta kuma tana jin haushinsa a rana guda?

To, akwai wata dabara da masu wasan kwaikwayo na wasu ƙasashe suka fito da ita don maganin miyar da ba a ɗanɗana ba. Ni dai na kira ta masaukin marubuta. Gidan wasa ne zai gayyaci marubuci ya sauke shi na wasu makonni, a ba shi ɗaki da abinci da ɗan kuɗin kashewa, sannan a haɗa shi da darakta da 'yan wasa waɗanda za su riƙa karanta rubutunsa a gabansa yana gyarawa. Wurin da ya fi suna a wannan aiki yana Amurka, a wani ƙaramin gari mai suna Waterford cikin jihar Connecticut, a bakin teku. Wani mutum George White ya kafa cibiyar a 1964, ya sa mata sunan shahararren marubucin wasanni Eugene O'Neill, kuma daga 1965 aka fara taron marubutan wasa na shekara-shekara. Daga 1968 zuwa 1999 wani baƙar fata mai suna Lloyd Richards ne ya shugabanci taron, kuma shi ya ɗora shi a kan tsarin da aka san shi da shi.

Ga yadda tsarin yake. Kowa na iya aika rubutunsa, ko an san shi ko ba a san shi ba, a tace a zaɓi 'yan kaɗan. Waɗanda aka zaɓa su zo su zauna kamar wata guda. Kowane wasa ana ba shi 'yan kwanaki na gwaji, daga nan a nuna shi ga jama'a. Abin da ya fi burge ni shi ne 'yan wasan ba sa haddace komai, da takarda a hannu suke hawa dandamali. Babu kayan ado, babu kujerun alfarma, babu abin da zai ɗauke hankalin 'yan kallo. Hikimar ita ce, idan ba a haddace ba marubuci na iya yage shafi 5 da daddare ya kawo sababbi da safe ba tare da ya wahalar da kowa ba. Idan kuma babu ado, magana ce kaɗai za ta riƙe mutane. In ta yi daɗi za a ji ɗakin ya yi tsit, in ta yi tsawo za a ji ana tari ana gyara zama, shi kuwa marubucin yana zaune a baya yana ji da kunnensa. Bayan an nuna sai a zauna a faɗa masa inda aka fahimta da inda aka ɓata. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ko wannan hanya ta haifar da ɗa mai ido? Bari in ba ku labarin mutum ɗaya. August Wilson baƙar fata ne, an haife shi a 1945 a unguwar talakawa a birnin Pittsburgh, ya bar makaranta yana ɗan shekara 15, a ɗakin karatu na gari ya ilimantar da kansa. Ya aika rubutunsa wannan cibiya an mayar masa, bai fasa ba, sai a 1982 aka karɓi wasansa a kan wata mawaƙiya mai suna Ma Rainey. A 1984 wasan ya kai manyan gidajen wasa na New York, kuma Lloyd Richards ne ya ba da umarni. A 1983 ya koma masaukin da wani wasan mai suna Fences, wato shinge, wanda ya ci babbar kyautar Pulitzer a 1987. Ya sake cin ta a 1990 da wani wasan daban. Kafin rasuwarsa a 2005 ya rubuta wasanni 10 a jere da suka bi rayuwar baƙaƙen Amurka tun daga farkon ƙarni na 20 har ƙarshensa.

Dalilin da ya sa na kawo Fences shi ne matar da ke cikinsa, Rose. Ta shekara 18 da mijinta, mai kwasar shara ne, tana dafa masa tana wanke masa, rana ɗaya ya zo ya gaya mata ya yi wa wata ciki a waje. Ba ta yi masa wa'azi ba, ba ta kuma faɗi ta suma ba. Ta tuna masa ne kawai cewa ita ma mutum ce mai buri, ta binne burinta a gidansa. Da uwar jaririyar ta rasu wurin haihuwa ya ɗauko 'yar ya kawo mata, sai ta karɓa ta raina domin yarinya ba ta da laifi, amma daga ranar ta janye zuciyarta daga gare shi, suna gida ɗaya kowa da harkarsa. Ku duba fa, al'adarsu daban da tamu, amma wace mace ce a Kano ko Damagaram za ta ji wannan ta ce ba ta gane ba? Da aka mayar da wasan fim a 2016, Viola Davis da ta fito a matsayin Rose ta ci kyautar Oscar. Namiji ne ya rubuta Rose, amma kafin ta kai ga duniya sai da ta bi ta bakin mata 'yan wasa a gwaji bayan gwaji, marubucin yana saurare yana gyara. Wannan shi ne abin da matan wasanninmu suka rasa.

Sai dai kada in yi muku tallan abu in ɓoye aibinsa. Masaukin marubuta yana da illoli 3 da na hango, kuma duk mai son kawo mana shi ya kamata ya san su.

Na farko, yawan masu ba da shawara. Idan kowa ya ɗanɗana miya ya ƙara abin da yake so, wannan ya ce gishiri, wancan ya ce daddawa, ƙarshenta ba ta zama ta kowa ba. A Amurkar ma marubuta sun koka cewa ana ta karanta wasanninsu ana gyarawa shekara da shekaru ba a taɓa nuna su sosai ba. Har ta kai a 2003 wasu marubuta 13 suka haɗa ƙungiya mai suna 13P, suka ce sun gaji da gyara, za su nuna wasan kowannensu ɗaya bayan ɗaya da kansu. Suka cika alkawari, suka rushe ƙungiyar a 2012 bayan an nuna na 13. Darasin shi ne, a ba marubuciya shawara amma ita ke da maganar ƙarshe, kuma a sa ranar sauke tukunya tun kafin a hura wuta.

Na biyu, mai ba da kuɗi. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Mun sha jin wasannin rediyo da wata hukuma ko ƙungiya ta ɗauki nauyi don wayar da kai a kan allurar rigakafi ko zuwa awo. Manufar mai kyau ce, amma tun daga fitowa ta farko kin san inda za a ƙare: akwai mai taurin kai, akwai malamar asibiti mai dogon bayani, a ƙarshe mai taurin kai ya yi nadama. Wannan sanarwa ce aka sa wa kaya. Idan masauki zai ce wa marubuciya ga abin da za ki rubuta, to an ɗauke ta aiki ne kurum, kuma abin da ke cin ranta yana nan ba a faɗa ba.

Na uku shi ne wanda ya fi shafarmu. Tsarin nan an yanka shi ne daidai wuyan mutumin da zai iya rufe ƙofa ya yi tafiyar wata guda. Mu ma a Nijeriya muna da irin wannan masauki. A 2010 Dakta Wale Okediran ya buɗe na Ebedi a garin Iseyin ta jihar Oyo, inda marubuci ke samun ɗaki da natsuwa na wasu makonni, kuma abin a yaba masa ne. Amma ki faɗa mini, mace mai goyo da 'yan makaranta 3 da surukar da ba ta da lafiya, yaya za ta yi ta bar Gusau ko Azare ta tafi Iseyin? Budurwar da ke gaban iyayenta fa, wa zai bar ta? Idan masaukin yana nesa, waɗanda suka fi kowa sanin maganar cikin gida su ne za a bari a baya.

Shi ya sa na fi karkata ga masaukin da ke cikin gari, na 'yan gari. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu a gina wasa tare da jama'a. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya an fara koyar da wasan kwaikwayo a 1975 ƙarƙashin Michael Etherton, aka gina gidan wasa na ƙasa irin ginin Hausa, ɗalibai kuma suka riƙa shiga unguwannin Samaru suna jin damuwar mutane, su haɗa wasa a kai, su dawo su nuna musu a fili a tattauna. Wannan ya koya mana sauraro. Abin da bai sa a gaba ba shi ne rainon marubuci guda da muryarsa, domin wasan na taro ne. A Kano kuma ƙungiyoyin wasa irin su Tumbin Giwa, waɗanda suka yi fim ɗin Turmin Danya a 1990, sun nuna muna da 'yan wasa masu hazaƙa. Mata ma ba yau suka fara kwaikwayo ba. Matan fada sun daɗe suna wasan gauta suna kwaikwayon sarki da fadawansa, 'yan mata kuma suna tashen Mairama da Daudu. Ta fannin alƙalami kuwa, tun daga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed a 1980, zuwa Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu a 1990, zuwa gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016, mata sun nuna sun iya ba da labari. Ga masu rubutu, ga masu wasa, ga masu sauraro. Abin da ya rage shi ne a haɗa su a ɗaki ɗaya kafin a ɗauka, maimakon bayan an riga an watsa.

Ga shawarata ga ƙungiyoyin marubuta da gidajen rediyo da masu shirya fim. A nemi aji ɗaya a makarantar unguwa lokacin hutu. A zaɓi marubuta 4 ko 5 daga cikin garin, a karanta rubutunsu ba tare da an ga suna ba don kada sanayya ta shiga. A yi zaman da rana, daga hantsi zuwa la'asar, kowa ta kwana a gidanta. A tanadi mai kula da yara a aji na kusa, a ba kowace marubuciya kuɗin mota da abin da zai maye mata cinikin da ta bari, domin wadda ta rufe sana'arta ta zo ta yi asara. A kawo 'yan wasa su karanta da takarda a hannu. Ranar gwaji a gayyato matan unguwa, tsofaffi da amare da zawarawa, a tambaye su abu biyu kacal: a ina kika ji kamar a gidanku aka yi, kuma a ina kika ji ƙarya? Bayan mako 4 a ɗauki wasan a sa a rediyo, kada a bar shi a cikin jaka. Maza marubuta ma su zo, hasali ma su suka fi bukatar jin dariyar da mata za su yi idan aka karanta musu irin jawabin nan na "ya kai mijina".

Ke kuma ƙanwata mai ɓoye littafin rubutu a ƙarƙashin katifa, kada ki zauna jiran sai an gina miki masauki. Ki tara ƙawayenki 3 ko yayyenki, ki raba musu sunaye, su karanta abin da kika rubuta da ƙarfi, ke kuma ki yi shiru, kada ki yi bayani, kada ki kare kanki. Duk inda mai karatu ta yi tuntuɓe, ki sa alama. Duk inda ta canza kalma ba da saninta ba, ki rubuta tata, don sau da yawa bakinta ya fi alƙalaminki gaskiya. Sannan ki rufe sunayen da yatsa ki karanta shafi guda. Idan ba ki iya bambance maganar uwar miji da ta amarya ba sai kin duba suna, to da sauran aiki, domin Hajiya ba ta magana irin ta 'yar shekara 18.

Mu masu sauraro ma muna da namu aikin. Idan aka sa wasa kika ji an ba mace maganar da ba tamu ba, ki rubuta wa gidan rediyon ko ki buga musu waya ki faɗa cikin ladabi. Idan kuma kika ji wanda ya taɓa miki zuciya, ki nemi sunan wanda ya rubuta ki yaba masa, don yawanci 'yan wasa muke sani mu manta da mai alƙalami. 'Ya'yanmu suna zaune tare da mu suna kallo, kuma daga nan suke ɗaukar yadda mace take da yadda ake yi mata magana. Idan kullum abin da suke gani mai kuka ce ko mai makirci, kada mu yi mamaki in sun girma da wannan tunani. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma mai ɗaki ita ta san inda yake mata yoyo.

A nan zan dakata, sai mun haɗu a rubutu na gaba. Wadda ta ga gyara a maganata ƙofa a buɗe take. Na bar ku lafiya.